Kwana 30 ko shekara bakwai: yadda wani bashin banki ya ƙare a kotunan Indiya

Kollam gari ne na bakin teku a jihar Kerala, kudu maso yammacin Indiya, wanda ya yi suna wajen sarrafa yazawa. A wata kotun garin aka buɗe fayil ɗin wani mutum da banki ke bi bashi a 1984, ba a kuma rufe maganar ba sai a 2005, a Kotun Ƙolin ƙasar da ke New Delhi. Shekara 21 ke nan. Da tafiya ta yi nisa, an daina gardama kan ko ya ci bashin ko bai ci ba. Taƙaddamar duka ta koma kan tambaya guda: daga wace rana ake fara ƙirga kwana 30? Ba zan ambaci sunan mutumin ko na bankin ba, domin ranakun da dokar su ne abin dubawa.

## Mafari: 1984 zuwa 1988

Bankin ne ya kai ƙara a 1984. Kotu ta ba shi gaskiya, ta yanke cewa a biya shi rupi 78,155 da paisa 80.

Wanda bai saba da kotu ba zai ɗauka an gama ke nan. Amma takardar hukunci ba ta sa kuɗi a aljihun kowa. Idan wanda aka kayar bai biya don kansa ba, sai wanda ya yi nasara ya sake komawa kotu da sabuwar takarda, ya roƙi a zartar masa da hukuncin: a riƙe kadarar wanda ake bi a yi gwanjonta, ko a datse wani kaso na albashinsa, ko ma a tsare shi idan yana da halin biya ya ƙi. Tun a 1872 alƙalan majalisar sarauniyar Ingila, wadda ita ce kotun ƙarshe ga Indiya a wancan zamani, suka ce wahalar mai shari'a a Indiya tana farawa ne bayan ya samu hukunci. Har yau alƙalan ƙasar suna maimaita wannan magana.

Dokar da ke tafiyar da wannan mataki tana cikin kundin 1908 wanda ya tsara shari'o'in da ba na laifi ba, irin su bashi, fili da ciniki. Oda ta 21, wato ɗaya daga cikin babukan ƙa'idojin kundin, ita ce ta ƙunshi zartar da hukunci, ita ce kuma mafi tsawo a kundin, ƙa'idojinta sun kai lamba 106. Dokar Wa'adi ta 1963 kuma ta ba wanda ya yi nasara shekara 12 ya nemi a zartar masa, daga ranar da hukuncin ya zama abin zartarwa.

Bankin ya shigar da takardar neman zartarwa a 1988, a kotun da ta yanke hukuncin. Har zuwa nan komai na kan hanya, mutumin kuwa yana zaune da barazanar gwanjo a kansa.

## 1 ga Nuwamba, 1990: an kira shari'a, ba a amsa ba

A kotunan Indiya ana fitar da jerin shari'o'in kowace rana. Alƙali ya zauna, akawun kotu ya riƙa kiran lamba da sunayen masu shari'a, lauyan da abin ya shafa ya miƙe cikin baƙar kwat ya ce ga shi. Idan an kira babu wanda ya miƙe, ƴan kalmomi kaɗan alƙali zai rubuta a takardar bayanan zama, a wuce zuwa lamba ta gaba.

Ranar Alhamis, 1 ga Nuwamba, 1990, rana ce da aka sanya don sauraron buƙatar bankin. Ɓangaren bankin bai bayyana ba. Kotu ta kori buƙatar saboda rashin halarta.

Ƙa'idoji biyu ne suka shafi irin wannan rana, ta 105 da ta 106. An shigar da su cikin Oda ta 21 a gyaran da majalisar dokokin Indiya ta yi a 1976, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Fabrairu, 1977. Ƙa'ida ta 105 ta ce kotu na iya sanya ranar sauraro. Idan mai neman zartarwa bai zo ba, tana iya korar buƙatarsa. Idan shi ya zo, wanda aka aika wa sammaci bai zo ba, tana iya saurare ta ba da umarni a bayan idonsa.

Ƙa'ida ta 106 ita ce ƙofar komawa. Duk wanda abin ya faɗa wa, ko mai neman da aka kori buƙatarsa ko wanda aka yanke wa umarni a bayan ido, yana iya roƙon kotu ta jingine umarnin, idan ya gamsar da ita cewa yana da ƙwaƙƙwaran uzurin rashin zuwa. Dole a sanar da ɗaya ɓangaren kafin a amsa masa. Sai sakin layi na uku, wanda a kansa aka shafe shekaru ana fafatawa. Ya ce a shigar da roƙon cikin kwana 30 daga ranar umarnin, ko kuma, idan umarni ne na bayan ido kuma ba a isar da sammaci yadda ya dace ba, cikin kwana 30 daga ranar da mai roƙon ya samu labarin umarnin.

A lissafin wa'adi ba a saka ranar da aka ba da umarni. Saboda haka 2 ga Nuwamba ce rana ta farko, 1 ga Disamba, 1990 kuma rana ta 30. Bankin bai shigar da komai ba.

## Shiru: 1990 zuwa 1998

Shekara bakwai da ƴan watanni suka wuce babu buƙatar zartarwa mai rai a kan mutumin a wannan fayil. Agogon shekara 12 kuwa bai tsaya ba.

## Maris da Afrilu, 1998: bankin ya dawo

Ranar 4 ga Afrilu, 1998 bankin ya shigar da roƙon a dawo da buƙatarsa ta 1988. Hujjarsa ita ce bai san an kore ta ba sai ranar 25 ga Maris, 1998. A ƙirgensa, kwana goma kacal ya ɗauka bayan samun labari, don haka yana cikin wa'adi da rata mai yawa. A ƙirgen da ya faro daga ranar umarni kuwa, kwana 2,711 sun wuce, wato ya makara da kwana 2,681.

Akwai dalilin da ke sa mai bin bashi ya fi son a tayar masa da tsohuwar buƙata maimakon ya shigar da sabuwa. Korar buƙata saboda rashin halarta ba ta hana shigar da wata, muddin shekara 12 ba su cika ba. Da zarar sun cika, sabuwar takarda ba ta da amfani. Tsohuwar da aka shigar a kan lokaci kuwa, idan aka dawo da ita, tana ci gaba daga inda ta tsaya kamar ba a taɓa korarta ba. Hukuncin da ke kan mutumin ya faɗo ne tsakanin 1984 da 1988, saboda haka a 1998 wa'adin yana bakin ƙarewa ko ya riga ya ƙare. Ga mutumin, amsa roƙon bankin na nufin barazanar da ta kwanta shekara bakwai ta farka.

## Yunƙuri na farko: kotun Kollam, 6 ga Oktoba, 2001

Martanin mutumin bai da sarƙaƙiya. Ya ce roƙon ya zo bayan wa'adi, kotu ba ta da hurumin karɓarsa.

Shekara uku da rabi aka yi kafin a samu amsa. Ranar 6 ga Oktoba, 2001 alƙalin ya yi watsi da hujjarsa, ya karɓi maganar bankin cewa sai 25 ga Maris, 1998 ya samu labari, ya ƙirga kwana 30 daga nan, ya dawo da buƙatar.

Ba a rasa inda wannan fahimta ta samo asali ba. Alƙalan Indiya sun saba da sassauci kan makara. Sashe na 5 na Dokar Wa'adi ya ba kotu ikon karɓar ɗaukaka ƙara ko roƙon da ya makara idan akwai ƙwaƙƙwaran uzuri, kuma a 1987, a wata shari'ar biyan diyyar fili daga gundumar Anantnag da ke Kashmir, Kotun Ƙoli ta hori kotuna su sassauta wajen auna uzuri don kada ƙirgen kwanaki ya kashe gaskiya. A shari'a ta asali ma, wanda aka yanke wa hukunci a bayan ido yana da kwana 30 ƙarƙashin Oda ta 9, ƙa'ida ta 13, kuma idan ya makara sashe na 5 na iya ceto shi. Alƙalin da ya shafe shekaru a kan wannan turba, hannunsa zai fi saurin zuwa ga yafiya, musamman idan bashin tabbatacce ne.

## Yunƙuri na biyu: Babbar Kotun Kerala, 22 ga Yuli, 2003

Mutumin ya garzaya Babbar Kotun Kerala da ke Ernakulam a 2002, yana roƙon ta yi bitar umarnin. Alƙali ɗaya ya saurara, ya kori roƙon a taƙaice ranar 22 ga Yuli, 2003. Hujja ɗaya, faɗuwa biyu.

## Yunƙuri na uku: Kotun Ƙoli, 2004 zuwa 8 ga Satumba, 2005

Shi da waɗanda ke tare da shi a shari'ar suka wuce New Delhi. An yi wa ɗaukaka ƙarar rajista a 2004, alƙalai biyu suka saurare ta, Ashok Bhan da S. B. Sinha. Mutumin bai kawo sabuwar hujja ba. Abin da ya sauya shi ne, a wannan karon kotu ta zauna ta karanta sakin layi na uku kalma bayan kalma.

Da aka karanta shi a tsanake, sai ya bayyana cewa agogo biyu ne a ciki, kuma ba kowa ke da zaɓi tsakaninsu ba. Na farko yana tashi daga ranar umarni, shi ne na kowa. Na biyu yana tashi daga ranar samun labari, amma an ɗaure shi da sharaɗi biyu a haɗe: umarnin ya zama na bayan ido, kuma sammacin bai isa yadda doka ta tanada ba. Bankin bai cika ko ɗaya ba. Ba a yanke masa komai a bayan ido ba, buƙatarsa ce aka kora don bai zo ba. Kuma ba shi ake kai wa sammaci ba, shi ne ya kawo maganar kotu. Alƙalan suka ce wanda lauya ke wakilta a shari'a, ana ɗauka ya san abin da aka yanke a cikinta. Agogon bankin ya tashi ne ranar 1 ga Nuwamba, 1990.

Sai maganar yafe makara. A nan ma rubutun doka ne ya yanke gardama. Sashe na 5 na Dokar Wa'adi, wanda ake jingina da shi a ko'ina, ya cire roƙon da aka shigar ƙarƙashin Oda ta 21 daga cikinsa ƙarara, a jimlarsa ta farko. Kotu ta kuma lura cewa kwana 30 ɗin ba a jadawalin Dokar Wa'adi suke ba, cikin ƙa'idar kanta aka rubuta su. Kotun da doka ba ta ba ikon yafe makara ba, ba za ta ƙirƙiro wa kanta shi ba.

Lauyan bankin ya koma ga sashe na 151 na kundin 1908, wanda ya bar wa kotu ikon yin abin da adalci ke buƙata a inda doka ta yi shiru. Kafin 1977 da shi kotuna ke dawo da buƙatun da aka kora, domin babu ƙa'idar da ta yi magana a kai. Ya kafa hujja da wani hukuncin Babbar Kotun jihar Madhya Pradesh da aka buga a 1986, inda aka yi amfani da wannan iko aka dawo da buƙatar zartarwa. Kotun Ƙoli ta duba hukuncin ta gano bambancin. A can, an kori buƙatar ne a ranar da ba a sanya don sauraro ba, saboda haka ƙa'ida ta 105 ba ta ma shigo ba, balle wa'adin ta 106. A Kollam kuwa babu wanda ya musa cewa ranar sauraro ce. Inda doka ta yi magana ɓaro-ɓaro, ba a zagaye ta da ikon da aka ajiye don inda ta yi shiru.

Aka zo ga batun asara. Banki na da hukunci a hannu, kuɗin kuma haƙƙinsa ne. Alƙalan suka amsa cewa wahala ko asarar da wani zai yi tana iya shiga lissafi wajen fassara doka mai harshen damo, amma ba ta zama dalilin tsawaita wa'adi.

Ranar Alhamis, 8 ga Satumba, 2005 kotu ta amince da ɗaukaka ƙarar, ta soke abin da aka yanke a ƙasa. Korar da aka yi a 1990 ta tabbata. Ko da an ɗauka a 1988 aka yanke hukuncin bashin, shekara 12 sun cika tun 2000.

## Abin da hukuncin ya bar wa na bayan ido

Ko da yake banki ne ya faɗi, hukuncin ya fi shafar waɗanda ake bi bashi, domin su ne aka fi yanke wa umarni a bayan ido. Ƙa'ida ta 22 ta wajabta a aika wa mutum sammaci idan an nemi zartarwa bayan shekara biyu da hukunci, ko idan magadansa ake bi. Bai zo ba, kotu ta ba da umarnin a zartar. Daga nan duk makomarsa ta rataya a kan tambayar ko sammacin ya isa yadda ya dace.

Amsar tana cikin wata ƴar takarda, rahoton masinjan kotu. Shi ne zai rubuta a bayan sammaci cewa ya miƙa hannu da hannu an sa hannu, ko an ƙi karɓa, ko bai samu mutumin ba ya liƙa takardar a ƙofar gida, da sunan wanda ya nuna masa gidan. Idan ana shakka, kotu na iya kiransa ta rantsar da shi. Wanda ya iya nuna cewa an liƙa a tsohon gidan da ya bari, ko ba a bi matakan ba, agogonsa yana tashi daga ranar da ya ji labari, ko da a ranar da aka zo riƙe kadararsa ne. Wanda sammaci ya isa gare shi daidai kuwa, kwana 30 daga ranar umarni ne iyakarsa. Uzurinsa na iya wanke rashin zuwansa kotu, amma ba ya wanke makarar roƙon. Abin da zai rage masa sai wasu ƙofofin daban, kamar ƙa'ida ta 89, wadda ta ba shi kwana 60 bayan gwanjo ya ajiye kuɗin da ake binsa da kashi 5 cikin ɗari na farashin gwanjon ga wanda ya saya, a mayar masa da kadararsa.

Ba duk jihohi ne suka tsaya a kan wannan tsauri ba. Kundin 1908 ya ba manyan kotunan jihohi ikon yi wa ƙa'idoji gyaran gida. A Tamil Nadu, maƙwabciyar Kerala, Babbar Kotun Madras ta ƙara sharaɗin karɓar roƙo bayan kwana 30 idan akwai uzuri, kuma a 2011 alƙali V. Ramasubramanian, wanda daga baya ya hau Kotun Ƙoli, ya yanke cewa sharaɗin yana nan da ransa duk da gyaran 1976. A lokacin korona kuma, Kotun Ƙoli da kanta ce ta cire tsakanin 15 ga Maris, 2020 da 28 ga Fabrairu, 2022 daga lissafin wa'adi ga kowa da kowa. Waɗannan lambobi duka na Indiya ne, mai shari'a a wata ƙasa ya tambayi lauyansa na tasa.

## Yadda nake ganin lamarin

A ganina Kotun Ƙoli ta yi daidai a kan bankin. Wanda ya kai ƙara shi ke da alhakin bibiyarta. Banki na da ma'aikata, yana da lauya, yana da littafin basussuka. Shekara bakwai ba tare da an leƙa fayil an tambayi inda aka kwana ba, wannan sakaci ne, kuma bai dace a ɗora nauyinsa a kan wanda ake bi ba. Da an bar “sai yau na ji” ta zama hujja ga mai ƙara, da babu fayil ɗin da zai taɓa rufuwa, domin kowa shi ke da shaidar ranar da ya ji. Abin da ya ceci mutumin shi ne ya riƙe hujja ɗaya mai tushe a rubutun doka, bai sake ta ba bayan faɗuwa biyu.

Sai dai nasarar ba ta zo da arha ba. Shekara bakwai da wata biyar ya yi, daga Afrilun 1998 zuwa Satumban 2005, yana hawa kotu uku don a karanta masa jimla ɗaya yadda take. Mutane nawa ne ke da kuɗin lauya har New Delhi a kan bashin rupi dubu 78?

Akwai kuma abin da ke damuna a ɗaya gefen. Wannan tsaurin da ya kama banki mai sakacin shekara bakwai, shi ne zai kama talakan da ya karɓi sammaci, ya kwanta asibiti wata biyu, ya zo a rana ta 40 da takardar likita a hannu, alƙali ya gaskata shi amma ya ce ba shi da iko. Na fahimci dalilin majalisa: zartar da hukunci ya daɗe yana zama fagen jan ƙafa, har Kotun Ƙoli ta umarci kotuna a 2021 su riƙa kammala shi cikin wata shida. Duk da haka na fi karkata ga tsarin Madras, ƙofa ƴar ƙarama ga mai uzuri na gaske, ko da za a yi mata iyakar wasu kwanaki a ɗaure ta da biyan kuɗin ɓata lokaci. Kwana 2,681 ba za su shige ta irin wannan ƙofa ba, kwana goma kuwa za su shige.

Wani mai karatu zai tambaya, to bashin fa? Mu da muka taso ana gaya mana cewa ko mamaci sai an biya masa bashi kafin a raba gado, tambayar ba ƙarama ba ce a wurinmu. Dokar Indiya ma ba ta ce bashin ya goge ba. Hanyar karɓarsa da ƙarfin kotu ce ta toshe. Wanda ake bi yana iya biya don kansa, kuma sashe na 25 na Dokar Yarjejeniya ta 1872 ya ce idan ya rubuta sabon alkawarin biyan bashin da wa'adinsa ya wuce ya sa hannu, alkawarin ya hau kansa. Daga 8 ga Satumba, 2005, maganar rupi 78,155 da paisa 80 ta bar hannun masinjan kotu ta koma tsakanin mutumin da bankin.